Koyon Faɗuwa

Bakari tsohon ɗan kokawa ne, duk Ƙofar Wambai an san ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Shi ya sa ya kasa gane kan makarantar judo, wato kokawar Japan, da matarsa ta sa 'yarsu Ni'ima. Kullum ya leƙa, sai ya tarar yara na ta faɗuwa kan katifa, malaminsu yana yaba musu.

"Wai yaushe za a koya muku kayarwa?" ya tambaye ta.

"Sai mun iya faɗuwa tukuna, Baba."

Ran nan babur ya zame da shi da Ni'ima a bakin kasuwar Muda Lawal. Ni'ima ta mirgina, ta miƙe tana kakkaɓe hijabi. Bakari kuwa yana zaune dirshan, dafe da targaɗe, ya saki baki yana kallonta.

"Baba," ta ce, "ai ba haka ake faɗuwa ba."