Hannun Baba da Kofin Ruwa

Koci dai mutum ne da ba ya shakkar nauyi. Shekararsa goma sha biyu a ɗakin motsa jiki yana daka wa ƙarti tsawa: "Ɗaga da kanka! Tsokar da ba ta aiki mutuwa take yi!" To, da shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinsa, hannun dama ya saki, sai ya ce kowa ya kauce, wannan aikinsa ne.

Likitar gashin ƙashi ta ba shi takardar atisaye, ta ce su dawo bayan mako shida. Ta kuma ja kunnensa cewa hannun da bai motsa a watannin farko ba, da wuya ya dawo. Koci ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Shi za a koya wa tsoka?

Hidima kam wallahi ya yi ta. Shi ke ɗaukar tsohon cak zuwa banɗaki, shi ke ba shi abinci a baki. Kullum da safe ya kama hannun, ya lanƙwasa ya miƙar, sau hamsin. In Baba ya yunƙura zai kai hannu ga kofi, yana karkarwa, sai Koci ya yi wuf ya kai masa baki. "Haba Baba, ina raye?"

Ranar komawa, likitar ta naɗe hannun rigar tsohon. Damtsen ya zube, sai fata ke reto. Ta ɗora yatsu a kai ta ce, "Baba, lanƙwasa." Ko gezau.

"Wa ke yi masa atisayen?"

"Ni ne," in ji Koci. "Sau hamsin kullum."

"Kai ke ɗagawa, ko shi?"

Koci ya sunkuyar da kai. Ta kama nasa damtsen ta ce ya lanƙwasa. "Ka ji tsokar ta dunƙule? Saƙo ya zo daga ƙwaƙwalwa ta jijiya, tsokar gaba ta takure ta jawo ƙashi, ta baya ta saki. Wajen miƙewa su yi musaya. Mako shida taka ce ke aikin, tasa tana kwance. Wai malam, mece ce sana'arka?"

Baba ne ya amsa, da harshensa mai nauyi, cike da alfahari: "Shi ke koyar da motsa jiki."

Kunya ta rufe Koci, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Har suka iso gida bai ɗaga kai ba.

Ya cika kofi ya ajiye a kan tebur, ya zauna, ya matse hannuwansa a tsakanin cinyoyinsa. Baba ya daɗe yana nishi kafin yatsunsa su ja jiki su taɓa kofin. Kofin ya kife, ruwa ya malale.

"Na so in gaya maka tun tuni," in ji tsohon. "Sai na ga kana jin daɗin yi mini."

Koci ya tashi ya sake cika kofin.