Ranar da Aka Kai Inna

Abdulaziz ya iso Tawa daga Yamai da hantsi, shadda na ƙara, turare ya riga shi shiga zaure. Ƙanwarsa Raƙiya ta dube shi ta taɓe baki. Innarsu ta yi jinya tun kafin damina har girbi, bai leƙo ba sai gaisuwa ta wayar talho. Yau da ta cika, ga shi ya fi kowa jan majina.

Ba kukansa ne ya dame ta ba, ƙanensu Yunusu ne. Gemun Yunusu ya fara furfura, amma hankalinsa na yaro ne. Tun da mijin Raƙiya ya rasu ta dawo gida, ita ke yanke masa farce, ita ke hana shi bin awakin mutane. Ta san shi kamar yunwar cikinta: abin da bai gani da idonsa ba, ko rantsuwa aka yi masa ba ya zama a kansa. In bai ga an sa Inna a ƙasa ba, zai yi ta jiranta. Ita kuwa mace ce, ba ta bin gawa maƙabarta.

Ta tare Abdulaziz a ƙofar ɗaki. "Yaya, ku tahi da Yunusu. Ka riƙe shi, shi ga an sa ta, shi zuba ƙasa da hannunai."

"Ke Raƙiya, kin san wa da wa ke waje? Darakta da mutanen buronmu, abokan aikina. Shi tahi shi yi muna dariya bisa kabari?"

"In ya yi dariya, ai uwatai ce."

Ya ce to, irin to ɗin ma'aikata, wadda ba ta tsinana komai. Kafin a fito da makara sai ya ja Yunusu gidan maƙwabta, ya cika masa aljihu da dabino, ya ce Inna ta tafi Bambeye ganin dangi. Raƙiya na cikin mata, ba ta sani ba sai da maza suka dawo. Ta iske Yunusu yana tauna dabino, yana murna.

Ana gama sadakar uku Abdulaziz ya hau mota. Ya leƙo ta taga ya ce ta yi haƙuri da Yunusu, lada gare ta. Lada! Wajen raba wa mutane lada dai ba wanda ya kai shi kyauta.

Daga nan Yunusu ya tare a tasha. Duk motar da ta fito Bambeye sai ya leƙa fuskar kowace tsohuwa. Furarsa ma rabi yake sha, ya rufe wa Inna saura da faifai. Raƙiya ta gaya masa gaskiya har bakinta ya gaji, shi dai amsarsa ɗaya: "Yaya ya ce Bambeye." Mai mota da tabarau ai ba ya ƙarya. Ran nan wani ɗan kabu-kabu ya tsinto shi can bayan gari ya miƙi hanya a ƙasa, ƙafafu duk ƙaya. Tsoro ya kama ta sosai, don wata rana ba mai tsinto shi.

Ta kira Abdulaziz. "Yaya, wane gehe kunka sa ta? In kai shi shi gani."

Ya yi gyaran murya. "Akwai wani icce kusa, ina ji. Ni ina tare da baƙi cikin inuwa, rana ta yi zahi."

Ta kashe talho ba sallama. Ashe wanda ya hana ɗa ganin kabarin uwarsa, shi ma bai gani ba.

Maƙwabcinsu Malam Tanimu, wanda da shi aka yi ginar kabarin, shi ya yarda ya shiga maƙabarta da Yunusu. Raƙiya ta tsaya bayan shinge tana hange. Ta ga Malam ya nuna wani tudu da aka rufe da ƙaya. Yunusu ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, ya shafa, ya kara kunne.

Ya fito yana kakkaɓe hannu, fuskarsa wasai.

"Yaya Raƙiya, na duba. Ƙasa ce kawai, Inna ba ta nan." Ya kama gefen mayafinta. "Mu tahi tasha, kada ta sauka ba kowa."