Safa a Ƙafa Ɗaya

Lesieli ta yi shekara da shekaru tana wankin ciwo a asibiti kafin ta yi ritaya. Ƙafafun masu ciwon suga kuwa, tun daga bakin ƙofa hancinta ke gaya mata wadda za ta warke da wadda sai yanka. Ƙafa ɗaya ce a duk ƙasar Tonga ba ta da ikon taɓawa, ta ƙaninta Maikolo. A al'adarsu, tsakanin namiji da 'yar'uwarsa ai sai kunya: maganarta doka ce a wurinsa, amma ba ta shiga ɗakinsa, zancen jiki kuwa ko da wasa.

Ran Lahadi bayan coci ta kai masa doya da nama gashin rami, don matarsa ta rasu, 'ya'yan duk suna ƙetare, a birnin Auckland. Ta tarar da shi a gindin mangwaro da safa a ƙafar hagu kaɗai, cikin wannan zafi.

"Sabon yayi ne, Maikolo?"

"Alade ya cinye ɗayar, Yaya. Wannan nake gadi."

Ta yi dariya, alhali hancinta ya riga ya gaya mata. Wata Lahadin ta cusa bandeji da magani a kwandon abinci. Ya dawo da kwando, ya yaba doya. Ta tura masa maƙwabci, ya sallame shi da barkwanci.

A hankali ya daina fita kamun kifi, ya daina zuwa hirar maza inda ake shan kava, abin shansu na gargajiya. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma kallon ƙasa. Lesieli ta san wannan shirun sarai: tsoro ne, mutum ya gwammace kada a duba don kada a faɗa masa. Mutum nawa ta yi wa tsawa a kan haka? Amma da ta buɗe baki sai nauyi ya kama ta, ta ɓige da tambayar ko gishiri ya ji.

Zazzaɓi ne ya kayar da shi, maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ta je dubiya, ya yi maza ya ja zanen gado ya rufe wurin. Ta zauna nesa kamar yadda ya dace.

"Sai da aladen nan ya dawo ya karɓi ɗayar," in ji shi.

Ba wanda ya yi dariya. Ya kalli silin, ya ce:

"Duk Lahadi nakan wanke safar, in zauna inda za ki gani. Jira nake ki ce in cire, Yaya. Da kin ce, ai ba ni da ikon ƙi."