Shafi Takwas na Elwood

Shekara da shekaru mijina Elwood yana zagin Lyman Pruitt, alhali ko ƙeyarsa bai taɓa gani ba. Muna Duluth, shi yana can Tulsa. Dukansu 'yan ƙungiyar masu son labaran kumbo da taurari ne, inda kowa ke buga 'yar mujallarsa a gida da injin gurzawa, a tara a raba wa membobi. Elwood ya rubuta cewa kumbon da Lyman ya zana ko akurki ba zai tsallake ba, Lyman ya rama a tasa mujallar, ya ƙara da gishiri. Elwood dai jakin Tulsa yake ce masa.

Dokar ƙungiyar babu sani babu sabo. Wanda bai kawo shafi takwas a shekara ba, a soke sunansa a ba wanda ke layin jira gurbinsa.

A kakar 1961 ɓarin jikin Elwood ya shanye. Hannun dama ya mutu, harshe ya karye. Na ce ya faɗa in buga masa, to amma ko rabin maganarsa ba na ganewa, ni matarsa. Ya yi magana in ce "Me?", ya sake in ce "Me?", sai ya juya fuska bango. Wa'adi yana ta matsowa. Na san in aka soke shi, abin da ya rage masa a duniya aka soke, kuma abin ya ci mini rai.

Wata Asabar na buɗe ƙofa, sai ga wani dogo siriri rungume da tafireta.

"Misis Brandvold? Ni ne jakin Tulsa. An ce maigidanki zai bar mini fili. Ban yarda ba."

Na zuba masa kofi, ya ja kujera bakin gadon Elwood. Elwood ya ƙura masa ido, can ya saki wata doguwar magana da ban tsinci komai a ciki ba.

"Ƙarya kake, tsoho, lissafina daidai yake," in ji Lyman, yana ɗaura takardar sitensil ta injin gurzawa a tafireta. "Amma ci gaba, ina bugawa."

Na ce, "Kai ka ji abin da ya ce?"

"Ya ce kaina kabewa ce da aka manta a gona."

"Yaya aka yi ka gane?"

"Na daɗe ina karanta shi, Misis. Da ya ɗauko magana na san inda za ta sauka."

Kishi ya kama ni, har da guntun haushi. Amma na je na gyara masa ɗakin baƙi.

'Yan kwanaki suka yi a haka, wannan yana zagi, wancan yana buga zagin kansa, wani lokaci har Lyman ya ce, "Wannan bai yi zafi ba, sake." Ana dab da gamawa Elwood ya faɗi wani abu a hankali. Lyman ya janye hannu daga tafireta.

"Wannan kam ba zan buga ba."

Na ce, "Me ya ce?"

Lyman ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Godiya yake so a sa mini. Membobi su karanta su ce ciwo ya gama da shi?" Ya juya wajen gadon. "Saura rabin shafi, Elwood. Zage ni yadda ka saba."

Elwood ya yi dariya da rabin baki, hawaye na bin kuncinsa. Ya ja numfashi, ya fara daga kan hancin Lyman.