Ango Ya Kama Hanyar Banaras

…kuma wai shi zai bi shi. Shi, Sundaresan, da furfurarsa, da kwakwa biyu a hannu, ya bi wannan yaro har bakin ƙofa ya roƙe shi. Haka al'ada ta ce: ango ya ɗau laima da sanda da mafici, ya yi kamar ya haƙura da duniya zai tafi Banaras, birni mai tsarki, neman ilimi, uban amarya ya tare shi ya miƙa masa kwakwa ya ce dawo, ga 'yata na ba ka. Wasa ne, kowa dariya yake yi. In bai tare shi ba kuwa… babu aure.

To tafi mana, Murali. Tafi! Dubi yadda ka riƙe laimar ma, kamar wanda ya sato ta.

Shekara goma sha ɗaya yana koya masa kiɗan ganga — sha ɗaya! Yaro ya zo da majina a hanci, yatsu kamar tsinken tsintsiya. Shi ya gyara masa zama, shi ya buɗe masa hannu. Matarsa Pankajam ta shimfiɗa masa ganyen ayaban cin abinci a jere da na 'ya'yanta, ƙara shinkafa ɗana, ƙara miya. Ashe… ashe duk kofin da 'yarsa Abirami ke kawowa ɗakin darasi ba don ubanta ba ne. Shi ya rufe ido yana ƙirga bugu, su suna kallon juna ta saman kansa. A gidansa! Garin Kumbakonam kaf ya sani, har mai kawo madara ya sani, shi kaɗai ne sakarai.

Wannan mai gangar da suka ɗauko kuma daga ina? Ya riga mai algaita da rabin bugu. Ko kunya babu.

Saura taku goma Murali ya kai ƙofa. Tara…

Da ma ka riƙe kiɗan, Murali, da na ce to, ya ɗauke mini 'ya amma hannuna yana raye a hannunsa. Ina! Ka jingine ganga ka tafi Chennai zaman ofis, kana danna na'ura da yatsun da na gina. Wai Malam ka yafe mini, ina son ta. So! Shekara huɗu ya hana, shekara huɗu suka jira. Ba su gudu ba, ba su yi masa rashin kunya ba — wannan ma ya fi ƙona masa rai. Da sun gudu ai da ya sami abin zagi.

"Malam, wai me kake jira ne?" Pankajam ce ke zungurar sa da gwiwar hannu. "Ƙafar ce ta kafe? Mutane fa sun zuba mana ido!"

Su zuba. Mai ɗaura auren ya yi gyaran murya sau biyu. Dariya ta fara ɗaukewa, uwar ango ta daina murmushi — madalla, haka ake so.

Murali ya kai ƙofa. Bai waiwayo ba… Kowane ango a nan yake rage sauri, ya yi ta jan ƙafa yana satar kallo. Wannan ya sa ƙafa a titi, cikin masu babur da masu tallar fure. Taurin kai! A wurin wa ya koyo shi?

Wa kuma ya fito da amarya? Ba ciki aka ce ta zauna sai an kira ta ba? Ga ta tsaye a bakin zaure, furanni cike da kai, ba ta kuka. Ba Murali take kallo ba, ubanta take kallo. Ta tattare gefen zaninta da hannu ɗaya ta ɗage shi daga ƙasa… ta sa takalmi. Takalmi? A inda aka hura wuta mai tsarki ta ɗaurin aure, kowa ya tuɓe nasa?

Ba roƙonsa take yi ba. Jira take yi. Ya kira ko kar ya kira, titin nan za ta bi, yaron ba abin da zai rasa. Ashe ba ango ne zai tafi ya bar shi ba.

Kwakwar nan ta yi nauyi. Ya buɗe baki… sunan wa ma zai fara kira?