Kwalli Bayan Kunnen Mehak

Irshad ya shekara talatin yana dillancin shanu a kasuwar Jhang, bai taɓa sayen saniya da bakin mai ita ba. Shi ya sa abin da ya tarar a gidansa ran Juma'a ya ƙona masa rai.

Jikarsa Mehak ta cika shekara uku ba ta haɗa kalma biyu. Uwarta Shazia, matar ɗansa Tanwir, ta samo wasu tambayoyi ashirin a waya, wai in an amsa za su faɗa ko yaro na da galahanga. In wayar ta ce akwai, a kai ta wurin likita a birnin Lahore. In ta ce babu, a haƙura.

Da safe aka yi gwajin farko, maƙwabciyarsu matar Ghafur na zaune ta zo aron tukunya. Shazia na karantawa, Parwin matar Irshad na amsawa.

"Tana juyowa in an kira sunanta?"

"Wannan? Ko bango ya fi ta ji."

"Tana murmushi?"

"Da wace fuskar?"

Parwin ba ta taɓa yabon jika a gaban baƙo ba, don tsoron kambun baka. Waya ta ce haɗari babba. Shazia ta shige ɗaki tana kuka.

Bayan la'asar, da gida ya zama nasu, aka sake. Yanzu Mehak har waƙa take yi, a faɗar kakarta. Waya ta ce lafiya lau.

"Ka gani, Baban Tanwir, ta warware," in ji Parwin.

"Tsakanin hantsi da la'asar? Wane magani kika ba ta?"

"To in tona asirin yarinya gaban matar Ghafur? Ka san idonta."

"Ke kin yi wa waya ƙarya sau biyu, ita kuma ta gaskata ki sau biyu. Da dillaliya ce da tuni ta koma bara."

Shazia ta leƙo. "Abba, ko mu yi na uku, mu bi wanda ya fi yawa?"

Irshad ya miƙe. Ya fita tsakar gida inda Mehak ke jera murafen kwalba, ya tsaya bayanta ya kira sunanta. Ya sake kira. Har sau huɗu, ba ta ɗago ba. Ya ɗan buga cokali a kofin shayi, nan take ta waiga, ta kalli kofin, ba shi ba.

Ya ajiye cokalin. Ko mene ne wannan bai sani ba, amma dai ba kunne ba ne.

"Shazia, ki shirya ta. Motar Litinin za mu bi."

"Waya ta ce lafiyarta..." Parwin ta fara.

"Waya ba ta taɓa ganinta ba. Kuma ke a gida za ki zauna. Ban san wanne za ki gaya wa likita ba."

Ran Litinin Parwin ta raka su bakin ƙofa tana gunaguni, ta ɗiga wa Mehak kwalli a bayan kunne, maganin kambun baka. Irshad ya tsaya har ta gama.