Fuskar Abdulganiyu

"Riƙe mini nan. Kai! Na ce riƙe, ban ce matse ba. Fiffike ne, ba wuyan akuya ba."

Na sassauta yatsuna. Bappa ya kai burushi zai ja layi, hannunsa ya kama rawa, koren fenti ya ɗiga a tabarma. Ya daɗe yana kallon ɗigon kafin ya ajiye burushin.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Gumel. Ni Ɗantala, sana'ata rubutun alluna: na kemis, na shagon caji, na bayan mota, duk abin da Allah ya kawo. Shi kuwa mutumin Sule Tankarkar ne, kiwo ya baro yana saurayi ya shiga sojan sama lokacin yaƙin basasa, ya zama makanikin jirgin yaƙi. Shekara biyu ke nan yana ƙera irin jirgin a zaurensa, tsawonsa kamu ɗaya. Wallahi da farko na ɗauka tsufa ne ya taɓa shi, amma in ka ga aikin sai ka riƙe baki. Jikin jirgin gwangwanin madara ne da ya buge ya miƙar, ya bi shi da tsinin basilla yana fitar da kan ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Murfin matuƙi gorar ruwa ce ta roba da ya gasa a garwashi, tayoyin kuma tsohon silifa. Fenti ma sai ya haɗa kore da ruwan ƙasa, ya fita rana ya duba, ya ja tsaki ya sake.

A ranar ya buɗe murfin ya zaro wani ɗan mutum da ya sassaƙa da itacen aduwa, bai fi babban yatsa ba. Akwai hular kwano, akwai rigar soja, fuskar ce kawai farin itace.

"Wannan Abdulganiyu ne, matuƙina," in ji shi. "Duk tashi ni nake rufe masa murfi, in ƙwanƙwasa sau biyu, ya ɗaga mini yatsa. Wata safiya na rufe, na ƙwanƙwasa, bai dawo ba. Ko takalminsa ba a samu ba. Bai yi aure ba, iyayensa sun daɗe a ƙasa, hotonsa ɗaya da nake da shi gara ta cinye. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san fuskarsa. Ga hannu ya ƙi. Kai za ka zana, ni ina faɗa maka."

Shekara ashirin ina wannan sana'a ban taɓa zana mai rai ba. Ko mai sayar da kaji ne ya zo, rubutu nake yi masa ya tafi. Tun ina ƙarami mahaifina ya cusa mini tsoron sura. Ga shi kuma tsohon ba lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, ina gudun in sa masa abin da zai hana mala'ikun rahama shiga zaurensa.

"Bappa, ka yi haƙuri in tambayi Malam tukuna."

"Ido biyu da hanci ne sai an kai gaban Malam?"

"Kwana biyu ne kacal."

"Kai ke da kwana biyu, Ɗantala."

Malam Zayyad, wanda na yi karatu a hannunsa, a Gagarawa yake, kuma ba a yi wa malaminka irin wannan tambaya ta waya. Sai ka je ka durƙusa. Laraba na ce gobe. Alhamis na tafi kasuwar Maigatari rubuta lambar wasu motocin shanu. Gaskiya ɗaya ce, jan ƙafa nake yi, ina fatan tsohon zai manta. Sai ranar Juma'a da safe na hau babur.

Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya cire tabarau.

"Magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta. Amma abu kamar yatsa, ba bauta masa za a yi ba? Maƙwabcinka na kwance kana yawo a titi? Tashi ka je, Allah ya shirye ka."

Ban tsaya ko shan ruwa ba. Da na iso Gumel, a ƙofar zauren Bappa na tarar da 'yarsa Halimatussa'adiya, idanunta jajur.

"Ina ka shiga, Ɗantala? Tun jiya yake cewa a kira ka. Da hantsin nan bakinsa ya karkace, ba ya magana."

An kwantar da shi a tabarmar nan mai ɗigon fenti. Na durƙusa da ɗan mutumin a hannu ɗaya, burushi a ɗayan.

"Bappa, ga ni, Malam ya yarda. Faɗa mini, baƙi ne ko wankan tarwaɗa? Yana da gashin baki?"

Ya kafe ni da ido. Leɓensa yana motsi, yawu kawai ke fita. Da ƙyar ya ɗaga yatsa ya kai kuncinsa, ya ja shi ƙasa a hankali.

"Tsage ne? Ko tabo? A wannan kuncin?"

Ya sake ja. Halimatussa'adiya ta ce hawayensa yake sharewa. Har yau ban san wanda ya yi daidai a cikinmu ba, kuma abin yana cin raina.

Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Da ni aka ɗauki makara, nauyinsa bai kai yadda na zata ba. Bayan sadakar uku 'yar tasa ta aiko mini da jirgin cikin kwali, ta ce ba ta iya kallonsa.

Sau uku ina haɗa fenti ruwan fata, sau uku yana bushewa a murfin gwangwani. Fuskar wa zan zana?

Jiya bayan azahar na share wuri a kan kantar shagona na ajiye jirgin. Na mayar da Abdulganiyu kujerarsa, farin itacen yana kallon titi. Na saukar da murfin robar, na ƙwanƙwasa sau biyu.